“Yaro mai shuɗin ido”: wata maganar Ingilishi a ma'aunin Hausar Damagaram

Ɗalibin da ke koyon Ingilishi a lakwal a Damagaram, ko ɗan kasuwar da ke bin hanyar Matamaye da Daura zuwa Kano, ba zai rasa cin karo da wata magana ta Turawan Ingila ba, watau “blue-eyed boy”. Idan aka bi ta kalma-kalma, ma'anarta yaro mai shuɗin ido. Wanda ya tsaya nan kuwa ya yi ɓatan kai, domin ana jifan baƙin mutum da ita a Legas ko a Kaduna, ana kuma jifan dattijo mai furfura. Abin da ake nufi shi ne mutumin da wani babba ya ɗauka ya fifita bisa sauran, ba ya ganin laifinsa, kome ya roƙa sai ya samu.

Maganar ta samo tushe daga yadda Turawa suke ɗaukar yaro mai shuɗin ido a matsayin kyakkyawa marar laifi. Mutanen Amurka su kan ce “fair-haired boy”, watau mai farin gashi, ma'anar kuwa ɗaya ce. Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yadda ake amfani da ita. Ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da mai ita: yaron darekta ne, ko na minista, ko na malamin aji. Sa'an nan ba yabo ba ce, ko da an faɗe ta da murmushi. Waɗanda aka bari a baya su ke yin ta, a bayan idon wanda ake nufi, kuma ko da yake sunan yaron ake kira, da ubangidan ake.

To, da me tafinta zai mayar da ita? Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Ɗan lele ya yi kusa, sai dai maganar gida ce, akwai tausayi a cikinta, kaka ma ta kan faɗe ta tana alfahari. Shafaffe da mai ya wuce wurin: shi ne wanda doka ba ta hawa kansa, yana sheƙi a lokacin hunturu alhali kowa ya yi furu-furu, kuma ba lalle a san wanda ya shafa masa man ba. Ɗan gaban goshi shi ne ya fi dacewa, don yana nuna mutum ɗaya a gaban mai iko ɗaya.

Akwai kuma wadda ta fi su duka zurfi, Ingilishin bai kai ta ba. A gidan mai mata fiye da ɗaya, mowa ita ce wadda maigida ya fi so, bora kuwa ita ce wadda ya juya wa baya. Daga nan aka sami ƴan mowa da ƴan bora. Bature ya ba wanda aka fifita suna ya yi shiru. Bahaushe ya ba wanda aka tauye suna shi ma. Wanda ya ce an mai da su ƴan bora, ƙara ya kai, kuma ya tuna wa mai iko cewa ƴaƴan duka nasa ne, adalci tsakaninsu wajibi ne a kansa.

Tarihin Damagaram yana da misalin da ya isa a auna waɗannan kalmomi da shi. A 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a garin, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga Birni, aka kashe sarkin, Nasara suka naɗa Amadu ɗan Basa. Shekara bakwai bayan haka, a 1906, suka tuhume shi da ƙulla makircin hallaka su, suka tuɓe shi, suka kai shi gudun hijira ƙasar Kodibuwa. Attajirin nan Malam Yaro ma tuhumar ba ta bar shi ba. Maimakon su nemi wani ɗan sarki, sai suka danƙa riƙon gari ga wani bawan fada mai sarautar Ballama, wanda suka amince da shi. Sarauta ba ta koma gidanta ba sai a 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.

Baturen Ingila da zai ba da wannan labari, cewa zai yi Ballama shi ne yaro mai shuɗin ido na kwamandan, maganar kuwa ta zauna daidai. Amma ba ta faɗi kome ba game da ƴaƴan sarakuna da suka yi shekara 17 suna kallon gadon kakanninsu daga nesa. Ba kuwa bautar Ballama ce abin mamaki ba, domin tun zamanin Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, bayin sarki suna riƙe da manyan muƙamai a fada. Abin da ya sake shi ne goshin da yake gabansa: na baƙo ne, wanda talakawa ba su da hanyar kai masa kuka.

A biro-biro na Nijar an ƙirƙiro wata magana da Faransanci, haruffa uku, PAC, watau dangi da abokai da idon sani. Ana jin ta duk lokacin da aka fitar da sakamakon jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ko aka raba kwangila. Ita ce Bahaushe ke taƙaitawa da cewa wa ka sani ya fi me ka sani. Wannan ya fi ƙarfin yaro ɗaya da ubangida ɗaya, layi ne guda na ƴan mowa, kuma yaron da ya kwana yana karatu a ƙarƙashin fitilar titi a Zango ya san ma'anarsa tun kafin a fassara masa.

Nan ma akwai rami ga mai fassara da gaggawa. Faransawa su kan ce wane yana da “bras long”, suna nufin yana da manya a sama waɗanda ke jin maganarsa. Kalma-kalma, dogon hannu ke nan. A Hausa kuwa mai dogon hannu ɓarawo ne. Tafintan da ya tsaya gaban alƙali a Damagaram ya ce shaida ya faɗi cewa wane yana da dogon hannu, ya ɗora wa mutumin laifin sata, alhali abin da shaidan ya ce shi ne mutumin yana da uwa a gindin murhu.