Haƙƙin Fim: Daga Na'urar Edison Zuwa Kwalin Ƙofar Wambai

Masu karatu da suka taɓa sayen kaset ɗin fim ɗin Hausa a kasuwar Rogo ko ta Karaye a shekarun 1990 za su tuna da kwalin nan mai hotunan 'yan wasa da ake sako kaset a ciki. Da yawanmu mun ɗauka ado ne kawai, alhali kuwa a kansa abincin mai fim yake rataye.

Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, dillalan kaset na Ƙofar Wambai su ne ke da na'urorin kwafa da hanyar kai kaya har ƙauyuka. Mai fim ba shi da yadda zai san kaset nawa aka buga, saboda haka sai ya ba dillali uwar kaset, shi kuma ya buga kwali ya sayar masa. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 tana nan a takarda, amma kwali ake iya ƙirgawa, shi ne kuma ke raba na halak da na sata.

Wannan rigima ta wa zai ci moriyar fim ta girme mu. A Amurka, tun sana'ar tana jaririya, kan na'ura aka yi ta. Thomas Edison ya yi rajistar na'urar ɗaukar hoto mai motsi da sunansa, ya yi shekaru yana maka abokan sana'a a kotu. A watan Disamba 1908 sai shi da manyan kamfanoni irin su Biograph da Vitagraph suka haɗa takardun mallakarsu wuri guda a ƙarƙashin Motion Picture Patents Company. Kowane gidan silima sai ya biya dala 2 a mako kafin ya kunna majigi, kana kamfanin Eastman Kodak ya yarda ba zai sayar da ɗanyen fim ba sai ga mai lasisinsu. Watau an rufe ƙofa, an kuma rufe taga.

Wani Carl Laemmle ya ƙi, ya ci gaba da yin fim ba lasisi, aka kai shi ƙara fiye da sau 200. Gwamnati da kanta ta shiga maganar a 1912, kuma a 1915 kotun tarayya ta ce haɗakar ta saɓa wa dokar hana babakere. A 1917 kotun ƙoli ta ƙara da cewa mallakar majigi ba ta ba mutum ikon zaɓar fim ɗin da za a nuna da ita ba. A ganinmu nan ne aka yi adalci, domin wanda ya ƙera fartanya ba shi ke da gonar ba. Edison ya bar harkar fim a 1918, kamfanin Universal na Laemmle kuwa yana nan har yau.

Mu nan ba kotu ce ta kashe kwali ba. Faifan CD ya ture kaset, daga baya kuma masu tura fim a waya suka buɗe rumfuna, ana kwasar fim a kan 'yan kuɗi kaɗan, babu sauran kwalin da mai fim zai ƙirga.