Kurket Ma Akwai Faɗawa Rukunin Ƙasa: Tsanin Da Afganistan Ta Hau

Idan kana bin Firimiya, ka san yadda ƙungiyoyin ƙasan teburi ke shan zufa a ƙarshen kaka. To, ƙasashe ma sun sha irin wannan fargaba a wasan kurket.

Daga 2007 zuwa 2019, hukumar kurket ta duniya, ICC, ta gudanar da gasar World Cricket League domin ƙasashen da ba su kai sahun su Indiya da Ingila ba. Rukuni-rukuni ce, galibi ƙasashe shida a kowanne. Biyun sama su haura, biyun ƙasa su gangara. Wadda ta gangara kuwa, wasanninta sun ragu, hanyar gasar cin kofin duniya ta ƙara yi mata nisa.

Dubi Afganistan. A 2008 tana rukuni na biyar, a tsibirin Jersey, kuma da yawa daga 'yan wasanta a sansanonin 'yan gudun hijira na Pakistan suka koyi wasan. Ta lashe wannan, ta lashe na huɗu a Tanzaniya, sai na uku a Ajantina a 2009. A 2017 ta zama cikakkiyar mamba a ICC, a 2024 kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar T20 ta duniya.

Najeriya ma ta taka wannan tsani: ita ta lashe rukuni na bakwai a Botswana a 2013. Yau gasar Challenge League ce ta gaji ƙananan rukunonin. Ka leƙa sakamakonta, ƙila wata Afganistan ɗin na can tana tasowa.