Tsibiran Limbe: yadda ake karanta dutse da wayar hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Wouri bayan an ɗauke ruwan sama, sararin sama ya washe, ya san wani ƙaton dutse da ke bayyana can yamma da Bonaberi. Shi ne Dutsen Kamaru, wanda mutanen wurin ke kira Fako. Tsayinsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a wannan gefen teku. Kuma ba mataccen dutse ba ne, yana aman wuta. Ya yi a 1909, har Jamusawa suka bar Buea suka sauko Douala na ɗan lokaci. Ya sake a 1922, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000.

A gindinsa garin Limbe yake, tafiyar kamar kilomita 70 daga nan, ta Bekoko da Tiko da Mutengene. In ka tsaya a bakin ruwa za ka hangi ƙananan tsibirai a cikin mashigin Ambas: Mondoli mai duhun itatuwa, da tsibiran Bota masu tsaye kamar haƙora. To, su waɗannan ba irin Manoka ko Jebale na kogin Wouri ba ne. Namu na nan laka ce da yashi da kogi ya tara, itatuwan bakin ruwa suka riƙe. Na Limbe kuwa baƙin dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa a narke, ya huce, teku ta yi ta cinsa shekara da shekaru har abin da ya fi tauri kaɗai ya rage.

Yanzu ina waya ta shigo? Akwai wani wasa da ake kira jiyokashin. Wani zai ɓoye ƙaramin akwati da ɗan littafi a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi da GPS har su gano shi, su rubuta sunansu su mayar. An fara shi a jihar Oregon ta Amurka a watan Mayun 2000, bayan gwamnatinsu ta daina rage ingancin GPS ga farar hula. A 2004 aka fito da wani reshensa mai suna EarthCache, wanda babu akwati ko kaɗan. Lambobin za su kai ka gaban wani dutse ko rami ko gaɓar teku, a yi maka tambayoyin da ba za ka iya amsawa ba sai ka je ka duba da idonka. A ganina wannan ya fi na akwatin armashi, domin ba wanda zai sace maka dutse.

Bari mu ɗauka malamin kimiyya ya shirya mana irinsa a Limbe. Tambaya ta farko tana ƙarƙashin ƙafarka: me ya sa yashin baƙi ne? Ɗebi kaɗan a busasshen wuri, ka kusanto da maganaɗisu, ko da na tsohuwar sifika ne. Wasu ƙwayoyin za su manne, saboda akwai ƙarfe a cikinsu. Yashin nan garin baƙin dutse ne da igiyar ruwa ta niƙa.

Ta biyu, ɗauki dutse biyu ka gwada. Wani mai nauyi ne, a cure. Wani kuma duk huji-huji kamar burodi, ba nauyi. Narkakken dutse yana fitowa da zafin da ya wuce digiri 1,000, kuma da iska a cikinsa, kamar lemon kwalba da aka girgiza. Wanda ya huce iskar na cikin fita shi ne mai hujin. In ka ƙura ido a mai nauyin, wani lokaci za ka ga ƙananan ƙwayoyi kore-kore masu sheƙi. Sun riga sun daskare tun dutsen yana can ƙarƙashin ƙasa. Kar ka yi murna, ba lu'ulu'u ba ne, ba mai saye a Marché Congo.

Amma wurin da ya fi kowanne koyarwa shi ne Bakingili, a hanyar Limbe zuwa Idenau. A ƙarshen Maris 1999 dutsen ya tsage a gefensa, narkakken dutse ya yi ta gangarowa a hankali tsawon makonni, ya cinye daji da gonakin kwakwar manja, ya hau kan kwalta ya datse ta, sannan ya tsaya saura kaɗan ya shiga teku. Aka kwashe mutanen ƙauyen, daga baya aka zagaya da hanyar. Tudun na nan har yau, ya fi gida tsawo. Tambayar a nan ita ce: waɗanne tsirrai suka fara fitowa a kansa? Wurin na da ruwan sama ƙwarai, Debundscha da ke kusa tana samun kamar milimita 10,000 a shekara, don haka dutsen na ruɓewa ya zama ƙasa da wuri. Ƙasar ce ke da albarka. Ayabar Tiko da Njombe da farin masoron Penja duk a irinta suke fitowa, shi ya sa mutane ba sa barin gindin dutse ko da sun san halinsa.

In sama ta yi garau, daga Limbe ana hango Bioko, inda Malabo take. Ɗan uwan Fako ne. A jere suke kamar carbi: Annobon, Sao Tome, Principe, Bioko, Fako, Manengouba, Oku, har tuddan Ngaundere, wani reshe kuma ya nufi Biu a Najeriya. A kan wannan layi tafkin Nyos yake. Ranar 21 ga Agusta 1986 iskar da ta taru a ƙasan tafkin ta ɓalle da dare, ta gangara kwari ba launi ba hayaƙi, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi masu yawa. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe 37. Tun 2001 aka fara sa bututu a Nyos don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Ga mai son gwadawa: yankin Kudu maso Yamma ya sha rikici tun 2016, saboda haka ba tafiyar yaro shi kaɗai ba ce, sai da izinin iyaye da rakiyar malami, kuma da katin shaida a aljihu. Kar a ɗaga waya ana hoto kusa da matatar mai ko wurin sojoji. Tsibiran kuma suna da masu su, mutanen Bota na girmama nasu, sai an nemi izini kafin a hau kwalekwale. Galibin tambayoyin ma daga gaɓa ake amsa su, musamman in ruwa ya janye, lokacin da duwatsun da ke ɓoye suke fitowa fili.