Koyarwa ba mafakar wanda ya rasa gurbi ba ce

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, ɗalibai da dama da suka nemi likitanci ko aikin lauya sukan tsinci kansu a tsangayar ilimi. Iyaye su ce a karɓa a haka, da babu gara ba daɗi. Daga nan muke samun malamin da yake tsaye a gaban allo amma zuciyarsa tana wani wuri.

Wanda yake son koyarwa da gaske, ya fara tambayar kansa: wa zan koyar? Amsar ita ke zaɓa masa hanya. A Najeriya, takardar NCE ta shekara 3 a kwalejin ilimi ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma an tsara ta ne domin firamare da ƙaramar sakandare. Mai hangen babbar sakandare yana bukatar digiri, ko dai wanda ya haɗa fanni ɗaya, kamar lissafi ko Hausa, da dabarun koyarwa, ko kuma digiri a fannin zalla sannan ya ƙara da difulomar PGDE, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa. Kowace hanya aka bi, sai an yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa.

Wajen zaɓen fanni, a ɗauki wanda ake jin daɗin karantawa ko babu jarrabawa. Dabarun koyarwa ana koyonsu, amma ba sa rufa wa malamin da bai san darasinsa ba asiri. Yara sukan gano shi tun a zangon farko.

Digiri na biyu da na uku kuwa wajibi ne ga mai son koyarwa a jami'a, inda bincike da wallafa ke kawo ƙarin girma. Ga malamin sakandare, ya fi amfani ya fara yin shekara 2 ko 3 a aji, domin a can zai ga matsalar da ta cancanci bincike.

Wata doka ta 2022 ta ba malaman makaranta damar aiki har shekara 65 da haihuwa, ko 40 a bakin aiki. Sana'ar da za ta ci tsawon wannan lokaci daga rayuwar mutum ta cancanci a zaɓe ta da niyya tun ranar cike fom ɗin JAMB.