Gidajen Masunta a Bakin Tekun Bangaladash

Ƙasar Bangaladash shimfiɗe take a bakin teku kamar faifai. In guguwa ta taso, ba iskar ce ke yawan hallaka mutane ba, ruwan tekun da take korowa kan tudu ne. A cikin 1970 guguwa ɗaya ta kashe mutum wajen 300,000, ta 1991 kuwa ta kashe wajen 138,000. Ga shi kuma duniya tana ƙara ɗumi, teku tana ƙara cika tana cin gaɓa.

Maganin farko da suka yi zai ba malamai sha'awa. Sun gina makarantu na siminti bisa ginshiƙai, yara na karatu a ciki kullum, ran da aka yi shelar guguwa kuwa mutanen ƙauye su haye sama. A wasu wurare an tara tudun ƙasa domin shanu, gama talaka ba ya yarda ya gudu ya bar saniyarsa. Da guguwar 2007 ta zo, waɗanda Gwamnati ta ƙidaya sun mutu ba su kai 4,000 ba.

Amma mafaka ta kwana biyu ce, ba ta zama gida. Mutanen tsibirin Kutubdiya da guguwar 1991 ta rushe wa gidaje sun ƙaura suka kafa bukkoki kusa da filin jirgin sama na garin Kokas Bazar, suka yi shekara kusan talatin a nan. Da aka tashi faɗaɗa filin, sai Gwamnati ta gina musu unguwa a Kurushkul, a bakin kogin Bakkali. A watan Yuli 2020 aka buɗe benaye 20 na farko, kowanne hawa biyar, aka ba iyali wajen 600. An bar hawan ƙasa fili, sai ginshiƙai, don in ruwa ya taso ya wuce ta ƙarƙashi.

To, wannan dabara ce, mun yaba. Inda muke da magana shi ne sana'a. Yawancin mutanen nan masunta ne da masu shanya kifi. Masunci yana bukatar wurin ɗaure jirginsa inda idonsa zai kai, da fili mai faɗi na ɗinkin taru, matarsa kuma tana bukatar rana da iska da sarari domin shanya. Ba a shanya kifi a hawa na huɗu, maƙwabta ma ba za su yarda ba. An sa wurin shanya kifi a cikin tsarin unguwar, gaskiya ne, amma a ganinmu shi da mashigar jirage ya kamata a fara gamawa kafin a miƙa wa kowa mabuɗi. In ba haka ba, mai gida zai kulle ɗakinsa na bene ya koma bukka a bakin ruwa, inda guguwa ta same shi a 1991.