Shekara huɗu babu kwantira: tarihin makaɗan ƙauyen Cwmaman

Masu iya magana sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A ƙasar Gal, wadda Turawan Ingila ke kira Wales, wani yanki na Birtaniya mai mutane kimanin miliyan 3, akwai wata ƙungiyar makaɗan zamani mai suna Stereophonics wadda ta sayar da miliyoyin faifai. Amma daga shekara ta 1992 zuwa ta 1996, babu wani kamfanin faifai da ya yarda ya sa hannu da ita. A cikin waɗannan shekaru huɗu ne samarin suka tara jarin da suka ci moriyarsa daga baya.

Cwmaman ƙaramin ƙauye ne a kwarin Cynon, kusa da garin Aberdare, a kudancin ƙasar Gal. Haƙar gawayin ƙasa ita ce ta raya wannan yanki shekaru da yawa. Bayan babban yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985, wanda gwamnatin Margaret Thatcher ta ci galaba a kansa, sai aka dinga rufe ramukan ɗaya bayan ɗaya, zaman kashe wando ya yawaita. Duk da haka mutanen kwarin ba su naɗe hannu ba. Da aka rufe ramin Tower a 1994, mahaƙa 239 suka haɗa kuɗɗin sallamarsu, fam 8.000 kowane, suka sayi ramin, suka koma bakin aiki a farkon 1995. A cikin irin waɗannan mutane ne makaɗan suka tashi.

Su uku ne. Kelly Jones shi ke waƙa da kaɗa gita, Stuart Cable ke bugun ganguna, Richard Jones kuma ke riƙe da gitar bas. Kelly da Stuart a layi ɗaya suka girma. Richard kuwa suna kawai ya haɗa shi da Kelly, ba dangantaka. Mahaifin Kelly ma mawaƙi ne da ya yi yawon gidajen taron ma'aikata, don haka yaron ya san sana'ar tun daga gida. A 1992 suka soma wasa da sunan Tragic Love Company.

A Turai, makaɗin da ba shi da kwantira tamkar ɗan kasuwa ne da ba shi da uban gida. Kamfani shi ke biyan ɗakin ɗaukar murya, ya buga faifai, ya rarraba su cikin kantuna, ya kai waƙa gidajen rediyo. Wanda ba shi da kamfani, duk wannan ɗawainiya a wuyansa take. Samarin Cwmaman da rana suna neman abin kai wa baka, da dare su loda kayan kiɗa a mota su tafi mashaya ko gidan taron ma'aikata. Masu zuwa waɗannan gidaje hutu suke nema bayan gajiyar aiki, kuma waƙoƙin da suka saba ji suke so. Dole makaɗi ya fara ba su abin da suka sani, sannan ya cusa nasa a tsakiya. Wanda ya iya riƙe hankalin irin wannan taro, babban fili ba ya ba shi tsoro. Ɗan abin da suka samu sai su ɗauki waƙoƙinsu a kaset su aika wa kamfanonin Landan, su zauna jiran amsar da sau da yawa ba ta zuwa.

Kelly Jones ya yi aiki a kasuwa, yana sayar da kayan marmari da kayan lambu. Mai tebur a kasuwa ba abin da ba ya ji: wa ya mutu, wa ya rasa aiki, wa ake zargi da me. Abin da ya gani ya kuma ji shi ya zama waƙoƙinsa: wani saurayi da jirgin ƙasa ya kashe, wani mai horar da yara ƙwallo da zargi ya zubar wa mutunci, da rayuwar kasuwar kanta. Shi ya sa suka raɗa wa faifansu na fari suna Word Gets Around, wato magana takan zaga gari.

A 1996 al'amura suka juya. Suka bar tsohon sunansu suka ɗauki Stereophonics, kalmar da Stuart Cable ya gani rubuce a jikin wata tsohuwar garmaho ta gidansu. A shekarar suka yi wasa a zauren Coliseum na Aberdare, inda John Brand ya gan su ya zama mai kula da harkokinsu. Ba da jimawa ba attajirin nan Richard Branson, wanda ya sayar da kamfaninsa na faifai Virgin a 1992, ya buɗe sabo mai suna V2, kuma su ne na farko da ya ɗauka.

A nan akwai abin lura ga duk wanda ya san ciniki. Kuɗɗin kafin alƙalami da kamfani ke ba makaɗi kamar kaya ne da aka ɗauka bashi: sai an cire su daga cinikin faifai kafin ya ga riba. Wanda ya karɓa alhali ba shi da waƙoƙi a hannu, ba shi da masu saurare, sau da yawa kamfani kan sallame shi bayan faifai ɗaya. Samarin Cwmaman sun shigo da hajarsu a ɗaure, an riga an gwada ta a gaban jama'a dare bayan dare. Faifansu na 1997 ya kai matsayi na 6 a cinikin Birtaniya. A 1998 suka sami kyautar Brit ta sababbin makaɗa. A 1999 faifansu na biyu ya zo na ɗaya, kuma mutane kimanin 50.000 suka taru kallonsu a filin Morfa na birnin Swansea.

Sai dai ɗaukaka ta zo da nata nauyi. Zumuncin da talauci bai raba ba ya tsinke cikin wadata: a 2003 aka sallami Stuart Cable daga ƙungiyar, kuma ya rasu a 2010 yana da shekara 40. Kelly da Richard suka ci gaba da sababbin abokan aiki.

A yau intanet ta sauƙaƙa wa makaɗi fitar da waƙa ba tare da kamfani ba, amma abin da take biya kaɗan ne, kuma mafi yawan ƙungiyoyin da ke yawon mashayu a ƙasar Gal ba za su taɓa ganin kwantira ba. Haƙuri kaɗai ba ya tabbatar wa kowa nasara. Abin da tarihin Cwmaman ya nuna shi ne, ranar da sa'a ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta tarar da mutanen da suka riga suka iya aikinsu.