Amsar tambaya: Yaya na'ura ke ƙirga kokwambar teku?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani masunci a Yawuri. Yana cewa ya ji wai akwai na'urar da ke ƙirga wata dabba mai suna kokwambar teku. Mece ce ita, kuma me ya kawo ƙirgar?

To Malam, mun gode da takardarka. Da farko dai, kada sunan ya ruɗe ka, ba kayan lambu ba ce. Dabba ce mai laushin jiki, doguwa kamar kokwamba, da ke kwance a ƙasan teku tana cin yashi da ruɓaɓɓun abubuwa, ta haka take tsabtace wurin. Irinta ya haura 1,000. Masunta kan dafa ta su busar, a kai kasuwannin Hong Kong da ƙasar Sin, inda take da tsada ƙwarai.

Matsalar ita ce, wannan dabba ba ta gudu. Mai nutso sai dai ya miƙa hannu ya ɗauka. Sa'an nan wajen haihuwa, namiji da mace cikin ruwa suke zuba iri. Idan an tsince su har suka yi wa juna nisa, irin ba zai haɗu ba, ka ga zuriya ta yanke ke nan. Shi ya sa Indiya ta hana kamun ta a 2001. Papua New Guinea ma ta rufe kamun daga 2009 zuwa 2017.

To, kafin hukuma ta ce ga adadin da za a kama, ai tilas ta san nawa suka rage. A da, masu nutso ne ke bin ƙasan ruwa suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ga haɗari.

Yanzu kuwa ana ɗaukar dubban hotuna, ko da ɗan jirgi maras matuƙi a inda ruwa ba zurfi, ko da kyamarar da ake ja a bayan kwalekwale. Sai mutane su yi wa dabbar alama a cikin wasu hotunan, a nuna wa kwamfuta, har ta saba da kamanninta. Kamar dai yadda kake koya wa yaronka bambance tarwaɗa da ƙarfasa. Daga nan sai ta bi sauran hotunan tana ƙirgawa da kanta. Wannan shi ake kira ƙirƙirarriyar basira. A 2021, masana a Jami'ar James Cook ta Ostireliya sun buga sakamakon irin wannan gwaji da suka yi a gaɓar tekun Queensland.

Amma fa na'urar tana da iyaka. Abin da kyamara ba ta gani ba, kwamfuta ba za ta ƙirga ba. Wadda ta shige ƙarƙashin dutse ko ta binne kanta cikin yashi ta tsira daga lissafi, haka ma idan ruwa ya gurɓace. Saboda haka har yanzu sai ƙwararru sun bi sawu.

Kuma ƙirga kaɗai ba ta cika teku. Sai masunta sun kiyaye lokacin hutu, sun bar ƙanana su girma. Wannan kam, kai da kake su a Kogin Kwara ka fi mu sani.

Da fatan ka gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu. Allah ya ba da sa'ar kamu.